Tambaya da Amsa: Yadda Ake Koya wa Ɗan Zari-Ruga Ganin Giɓi

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda ɗan wasan zari-ruga zai hango inda babu kowa, ya bi ta nan da ƙwallo. Mun zaɓi biyar, dukkansu daga cikin garin Kaduna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare a Tudun Wada. Yarana 'yan shekara 14 zuwa 16 ne. In na jera su layi-layi suna jefa wa juna ƙwallo, ba ta faɗuwa. Amma ranar wasa sai yaro ya rungume ƙwallo ya nufi ƙirjin abokin hamayya, alhali ga fili fetal a gefensa. Me ke kawo haka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da aka koya musu shi suke yi. A jeren layi babu mai tare hanya, saboda haka idon yaro ba shi da wani aiki sai bin ƙwallo. Hannu ya ƙware, ido kuwa ba a taɓa ba shi aiki ba. Ranar wasa, abin da ido zai fara kamawa shi ne mutumin da ke tahowa da gudu, kuma inda ido ya kafe nan ƙafa take nufa. Duk wanda ya koyi keke ya san wannan: in ka zuba wa dutse ido, shi za ka taka.

Maganin shi ne ka sa musu mai tsaro tun daga ranar farko. Fara da biyu a kan ɗaya. Ka shata fili mai faɗin mita 8 da tsawon mita 15. Robobin ruwa da aka cika da yashi sun isa alama. Yara biyu da ƙwallo a wannan ƙarshen, ɗaya a wancan. Babu kayarwa tukuna, taɓawa ce da hannu biyu a ƙugu.

Mai ƙwallo ya riƙe ta da hannu biyu a gaban ƙirjinsa, domin in ya maƙale ta a hammata ya riga ya sanar da mai tsaro cewa ba zai bayar ba. Ya nufi kafaɗar mai tsaron da ke nesa da abokinsa. Wannan ne ke janye mai tsaro daga wurin da abokin zai bi. Abin da zai kalla kuma kafaɗu da ƙugun mai tsaro ne. In sun fuskance shi, ƙafafun mai tsaro sun dasu a ƙasa, to ya jefa. In sun fara karkata wajen abokinsa, ya nuna kamar zai jefa, ya wuce da abarsa.

Kurakurai huɗu za ka yi ta gani, kowanne da dalilinsa. Na farko jefawa da wuri, tun mai tsaro yana nesa da mita biyar ko shida: tsoron a taɓa shi ne, sakamakon kuwa mutum ɗaya ya tsare biyu, don yana da lokacin zamewa gefe. Na biyu jinkiri har a kama hannunsa. Tazarar da ta dace wajen taku biyu ce tsakaninsa da mai tsaro. Na uku, wanda ya fi yawa, gudu a karkace zuwa wajen abokinsa, sai ya cinye masa filin da zai bi, su haɗu su biyu a bakin layi. Na huɗu laifin abokin ne: ya wuce mai ƙwallo, jifar ta zama ta gaba, wadda dokar wasan ta hana, alƙali ya busa. Ya tsaya baya da mita biyu zuwa uku, ya jira, sa'annan ya taso da gudu ya karɓa.

Kada ka bar mai tsaro yana tasowa daga wuri ɗaya kullum, in ba haka ba nan da minti biyar sun haddace, ka koma gidan jiya. Wani karon ya fara a kwance rubda ciki, wani karon daga gefen dama, wani karon kusa sosai. Kowane rukuni ya gwada sau shida a sauya. In sun fara ci biyar cikin shida, ka koma uku a kan biyu a faɗin mita 14.

Bayan nan sai wasan da muka fi amincewa da shi ga yara irin naka. Takwas da takwas, faɗi mita 40, tsawo mita 30. Masu hari suna da taɓawa shida kafin ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren. Doka ɗaya ce ta bambanta shi da wasan taɓawa da aka saba: duk wanda ya taɓa mai ƙwallo sai ya ruga layin gidansu ya taka shi kafin ya dawo cikin wasa. Ka ga na daƙiƙa huɗu ko biyar masu tsaro bakwai ne a gaban takwas, kuma akwai rami a daidai inda ya bari. Wanda aka taɓa ya ajiye ƙwallo a ƙasa nan take, na bayansa ya ɗauka cikin daƙiƙa uku. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Da kansu za su gane cewa giɓi ba ya jiran kowa, kuma wanda ya tsaya tunani da ƙwallo a hannu zai tarar an toshe.

TAMBAYA: Ina horar da matasa a Kawo. Matsalata ita ce duk inda ƙwallo take nan kowa yake, kamar ƙudaje a kan mangwaro. Na yi ta ihu su bazu har muryata ta dushe.

AMSA: Koci, ka huta da ihun, ka bar dokar wasa ta yi maka magana. Amma da farko ka zaunar da su ka yi musu lissafi, don matasa suna jin lissafi in ya shafi ci. Faɗin cikakken fili yana kaiwa mita 70. Ko da 'yan wasa 15 duka sun jeru, kowanne yana tsaron kusan mita biyar ne. A wasa na gaske kuwa biyu ko uku suna baya suna jiran bugun sama, ɗaya ko biyu suna cikin cunkoson da ke kan ƙwallo, saura goma ko sha ɗaya, kowanne da mita shida ko fiye. A wasan 'yan bakwai-bakwai, wanda aka shigar gasar Olamfik a 2016 Fiji ta ci zinaren maza, mita goma ne a wuyan kowane mutum. Fili yana nan a ko da yaushe. Masu hari ne ke rage shi da kansu in sun cunkushe, domin mutum uku sun isa su tsare bakwai da suka taru wuri guda.

Ka juya filin atisayenka: faɗi mita 50, tsawo mita 20 kacal, mutum takwas-takwas. Ka raba faɗin gida uku da toka ko da robobi, hanyar hagu, ta tsakiya da ta dama. Sharaɗin shi ne ci ba ya ƙirguwa sai in akwai aƙalla ɗan wasa ɗaya na masu hari a kowace hanya lokacin da aka dire ƙwallo. In aka soke musu ci biyu ko uku, za ka ji su da kansu suna korar juna zuwa gefe.

Akwai tarko a nan, kuma masu horarwa da yawa suna faɗawa. Sukan ce cin da aka yi a gefe maki biyu ne, na tsakiya ɗaya. Sati biyu da wannan doka sai ka samu yara masu gudun kaguwa: ƙwallo tana ta tafiya gefe, ba wanda ke matsawa gaba, masu tsaro suna binta a hankali har su tura na ƙarshe waje. Layin gefe ya zama ƙarin mai tsaro a kyauta. In za ka ba gefe lada, ka ba tsakiya nata: wanda ya ratsa tsakanin masu tsaro biyu ba a taɓa shi ba, a ba shi maki biyu shi ma. Ta haka zaɓi ya koma hannun ɗan wasa. Salon da aka san Pierre Villepreux da shi, tsohon ɗan wasan Faransa da ya horar da ƙungiyar Toulouse, a kan wannan tunani aka gina shi: in masu tsaro sun taru a zagaye su, in sun bazu a ratsa su.

Don su fahimci cewa fili a gefe saye ake yi a tsakiya, ka ƙara wannan doka a mako na gaba. Taɓawar farko ba ta tsayar da mai ƙwallo. Yana iya ci gaba da gudu, sai dai ba shi da ikon ci, dole ya bayar. Sai wani mai tsaro na daban ya sake taɓa shi ne ake tsayawa. Yanzu mai gudu ɗaya da ya miƙe sosai yana jawo mutum biyu, su shida suka rage a gaban bakwai.

TAMBAYA: Ni malama ce a makarantar 'yan mata a Unguwar Rimi. Ɗalibai 28 nake da su, ƙwallo biyu, filinmu ƙarami ne, kuma da hunturu ƙasa kamar siminti take. Za a iya koyar da wannan a haka?

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malama, kuma ba sai kowa ta faɗi ƙasa ba. Ki nemi ragowar yadi wajen tela, a yanka ƙyallaye masu tsawon santimita 40, kowace yarinya biyu, ta soke ɗaya a kowane gefen ƙugu. Mai tsaro ta zare ƙyalle, ta ɗaga sama, ta ce "na cire". Mai ƙwallo tana da taku uku ta bayar. Wadda ta zare ba za ta koma wasa ba sai ta miƙa wa mai shi ƙyallenta hannu da hannu. Jefarwa a ƙasa laifi ne. Wannan ɗan lokacin miƙawar shi ke buɗe giɓi.

Ki raba su ƙungiya huɗu, bakwai-bakwai, fili biyu. A kowane fili masu hari bakwai, masu tsaro biyar, biyu suna hutawa, a sauya bayan minti biyu. Ma'aunin faɗi mai sauƙi shi ne mita huɗu zuwa biyar ga kowace mai tsaro, wato mita 20 zuwa 25. Minti biyar na farko ki bari su jefa ta kowace fuska, gaba ko baya, ba gudu da ƙwallo. Wannan yana koya wa wadda ba ta da ƙwallo ta matsa inda za a gan ta, kuma ƙwallon ƙafa ma tana yin aikin. Daga nan a koma jifar baya kaɗai. Babu tsalle a faɗi don ci, a sunkuya a ajiye da hannu biyu. Hijabi ya zama gajere mai kama jiki, babu fil ko allura a jiki. Atisaye bayan La'asar, da ruwan sha a bakin fili, musamman a zafin Maris da Afrilu, kuma ranar da ƙura ta yi yawa ki sa ido kan masu asma.

TAMBAYA: Lamba 10 nake bugawa a wata ƙungiya a Barnawa. Kocinmu kullum cewa yake "ɗaga kai, duba gabanka". In na ɗaga kai ƙwallo ta kuɓuce, in na kalli ƙwallo ban ga komai ba. Yaushe ake duban?

AMSA: Ɗan'uwa, kafin ƙwallo ta baro hannun lamba 9, wato mai ɗauko ta daga cunkoso ya jefo wa lamba 10, ake yi. Daga lokacin da aka kayar da abokinka har a fito da ƙwallo daga cunkoson akwai daƙiƙa biyu zuwa huɗu. Yawancin masu lamba 10 suna ɓata su wajen kallon cunkoson, alhali babu abin da za su yi a can. Ka yi amfani da su kamar mai tsallaka titin Ahmadu Bello Way: duba gaba, waiwayi lamba 9, sake duba gaba, sa'annan ido ya koma kan ƙwallo lokacin da hannunsa ya sauka a kanta. Da ta taso, ita kaɗai za ka kalla har ta shiga hannu.

Abu uku kake nema a wannan duban. Nawa ne su a layin gaba a ɓangaren da za ka bi, mu kuma nawa? Wane ne a gaban wa, wato ko akwai ƙato mai nauyi irin lamba 1 ko 3 da ya tsinci kansa a gaban mai gudunmu? Sa'annan ina lamba 15 ɗinsu, mai tsaron can baya, da 11 da 14, 'yan gefe biyu, suke, sun hau layi ko suna baya? Amsar ita ke nuna maka ɗaya daga hanyoyi uku: ta tsakaninsu, ta gefensu, ko ta samansu.

Ba kai kaɗai ne mai ido ba. Wanda ke can gefe ya fi ka ganin lissafin, don babu ƙwallon da ke tahowa gare shi. Ku tsayar da kalmomi uku gajeru, misali "ciki", "waje", "sama", kuma ku yi wasan da lamba 9 da 10 ba su da bakin magana, na gefe kaɗai ke kira. Da farko za a yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, amma kafin atisaye ya ƙare za su buɗe baki.

Wasu masu horarwa suna tsayawa bayan masu tsaro suna ɗaga ƙyalle mai launi, ɗan wasa ya faɗi launin kafin ya karɓi ƙwallo. Yana sa kai ya ɗagu, amma a ganinmu amfaninsa kaɗan ne, domin ranar wasa babu ƙyalle, mutane ne. Abin da ya fi shi: masu hari su juya baya, koci ya tsara masu tsaro da hannu ba tare da magana ba, wani karon a cunkushe, wani karon a baje, wani karon da rami a tsakiya. Ya busa usur, ku juyo, ƙwallo ta zo cikin daƙiƙa biyu. Sau goma sha biyu a jere, tsari daban kowane karo.

Game da hanyar sama, ku gwada goma da goma a cikakken faɗi, taɓawa huɗu, an yarda a buga da ƙafa a kowane lokaci. In ƙwallon da aka buga ta faɗi ƙasa a bayan masu tsaro kafin ɗayansu ya cafe, masu hari suna da maki ɗaya da sabon lissafin taɓawa daga inda ta faɗi. Dole masu tsaro su zaɓi mutum nawa za su mayar baya, kuma kowane ɗaya da ya koma ya rage layin gaba. Wannan shi ne hikimar dokar 50:22 da hukumar zari-ruga ta duniya, World Rugby, ta fara gwadawa a duniya a 2021 ta kuma tabbatar a 2022: in ka buga daga rabin filinku, ƙwallo ta taɓa ƙasa a cikin fili sa'annan ta fita a cikin mita 22 na gaban layin gidan abokan hamayya, ku ke da ikon jefo ta cikin fili daga layin gefe. Ka lura da ƙasa ma. Da rani a Kaduna ƙwallo tana tsalle ta yi nisa fiye da yadda ka nufa, da damina kuwa takan mutu kusa da inda ta faɗi.

TAMBAYA: Na daɗe ina horar da 'yan wasa a Kakuri. A da maimaici muka sani, a yi abu sau ɗari har ya zauna. Wannan salon koyarwa ta hanyar wasanni ba sakin yara ba ne su yi ta guje-guje? Ina aikin koci a ciki?

AMSA: Ranka ya daɗe, maimaici bai mutu ba, wurinsa ne ya sauya. Tunanin koyarwa ta hanyar wasa ba sabo ba ne; David Bunker da Rod Thorpe na Jami'ar Loughborough a Ingila sun wallafa shi tun 1982. Abin da ake so shi ne wasa ya fara tona matsalar, a fitar da yara a gyara ta, a mayar da su su gwada gyaran a gaban mai tsaro. In ka ga an hango giɓi a hagu amma jifar ba ta kai ba, matsalar hannu ce, kuma nan maimaicinka ya fi komai amfani. In jifar ta yi kyau amma an aika ta inda mutum uku ke jira, matsalar ido ce, kuma ko an maimaita sau dubu a layi ba za ta gyaru ba.

Ga yadda za a raba minti 75. Goma na ɗumama jiki da wasan jifa ta kowace fuska. Sha biyar na biyu a kan ɗaya da uku a kan biyu. Ashirin na babban wasan ranar. Takwas na gyaran abu ɗaya da wasan ya nuna, ɗaya tak. Sha bakwai a koma wasan. Biyar na huce jiki da tambayoyi.

Aikin koci a ciki ya fi na da nauyi. Ka tsaya bayan masu hari don ka ga abin da suke gani, wani lokaci bayan masu tsaro, maimakon bakin layi. Kada ka tsayar da wasa fiye da sau uku a minti ashirin, kowane tsayi bai kai minti ɗaya ba. In ka busa, kowa ya daskare inda yake, domin hoton nan shi ne allonka. Ka tambayi mai ƙwallo: nawa ne a gabanka? Ina kafaɗarsa ta fuskanta? Wa ya kira ka? Tambayar "me ya sa ka yi haka" tana sa yaro ya sunkuyar da kai ne kawai, gobe kuma ya ƙi gwada komai. Wanda ya yi zaɓi mai kyau amma ƙwallo ta faɗi, ka yaba zaɓin a gaban kowa.

Ka riƙa ƙirga. In masu hari suna ci kusan kowane karo, ka rage faɗin da mita biyar ko ka ƙara mai tsaro ɗaya. In ba sa kai uku cikin goma, ka faɗaɗa. Tsakanin biyar da bakwai cikin goma ake koyo. Doka ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, don ka san wadda ta yi aiki.

Inda shakkarka ke da gaskiya shi ne wasan taɓawa yana iya yin ƙarya. In masu tsaro suka yi sanyi, suna miƙa yatsa daga nesa, giɓin da ake gani na bogi ne, ranar wasa ba za a same shi ba. Saboda haka taɓawa da hannu biyu a ƙugu, gwiwa a lanƙwashe, ƙafa kusa da mai ƙwallo, in ba haka ba ba ta ƙirgu ba. Masu tsaro su ma a ba su maki: ɗaya in sun ƙwace ƙwallo, ɗaya in taɓawa shida ta ƙare ba a ci su ba. Ga manyan da aka riga aka koya wa kayarwa yadda ya kamata, sau ɗaya a mako a kan ciyawa mai laushi, a buga minti goma na ƙarshe na wannan wasan da kayarwa ta gaske, dokokin nan dai ba a sauya ko ɗaya ba.